Rancen da zai koma hannun jari

Muna zaune a mamak, shagon shayi da abinci, a unguwar Setapak, ko shayina ban kurɓa ba, Yaya Kabiru, wan mijina, ya miƙo min wayarsa.

Wani ƙaramin kamfani ne a nan Kuala Lumpur da ke gwajin sabon maganin ciwon suga, ko ƙwaya ɗaya ba su fara sayarwa ba. Za ka ba su rance, daga baya rancen ya koma hannun jari. Kuɗin ginin gidansa na Kano yake so ya zuba musu gaba ɗaya.

Ya ce, "Maryam, ke da kike karatun haɗa magunguna, ai kin ga babu asara. In ba su biya ni ba, na zama mai kamfani."

Na ce, "Yaya, in gwajin ya faɗi, da me za su biya ka? Kuma kamfanin da maganinsa bai yi ba, wa zai sayi hannun jarinsa a wurinka?"

Ya daɗe yana juya cokali. Can ya ce zai sa ɗan abin da ko ya salwanta ba zai hana shi barci ba.

Ni a ɗakin gwaje-gwaje na sha ganin maganin da ya warkar da ɓera ya tsaya a kan ɓeran, bai kai ga mutum ba. Ku da wanku ne, me za ku ce masa?