Baƙin Sama a Akwatin Malam Akawu

Jikata Hauwa ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban yi boko ba. Tun da na fita takabar Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa, wani labari ke ta dawo mini. Hauwa ta ce za ta iya nemo ainihin fim ɗin a wayarta, mu ga yadda ya ƙare. Na ce ta dakata, ta fara rubuta shi yadda yake a wurina, kada na waya ya zo ya ture shi.

A Kurmin Mashi na tashi, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Kakarmu ta wajen uba, Iya, Bazazzagiya ce mai sayar da daddawa. Bayan sallar magariba takan zauna bakin murhu tana jiran miya ta nuna, mu kuwa mu kewaye ta, yaran gidanmu da na maƙwabta. Har da 'ya'yan Maman Ladi, masu zuwa coci, da ke haya a ɗakin waje. Iya ba ta fara tatsuniya sai an ba ta toshiya: wani ya tura itace, wani ya matsa mata ƙafa.

Sai maƙwabcinmu, wanda muke kira Malam Akawu don yana aiki a ofishin gwamnati, ya sayo talabijin. Baƙi da fari ce, tana da ƙofofi kamar kabad. Da yamma yakan fito da ita baranda, mu zube a ƙasa. Cikin ɗan lokaci murhun Iya ya zama ba kowa sai kyanwa. Ba ta yi ƙorafi ba, amma na lura ta daina gyara muryoyin da take yi wa dabbobin tatsuniya in tana aiki.

Wata rana ta yafa mayafi ta ce, "Ku kai ni in ga wanda ya kwashe mini jama'a."

Yayana Sani ya ce, "Iya, Turanci fa yake yi."

"Maigidana, kai da ke zuwa kullum, Turancin nawa ka kwaso?"

Malam Akawu ya ba ta kujera. Abin da aka nuna ranar ban taɓa ganin irinsa ba. Wata duniya ce mai rana biyu. Mutane cikin dogayen riguna suna ta harbin juna da sanduna masu fitar da haske. Malam Akawu ya ɗan fassara mana: yaƙin addini ne, wasu na bauta wa babbar rana, wasu ƙaramar. Can sai ga wani abu kamar faranti a kife yana saukowa daga sama, cikinsa halittu masu kai kamar tulu, ba hanci.

Iya ta matso da kujera. "Malam, wane ne na babbar rana a nan?"

"Wannan na hagu, Iya." Ya ƙura ido. "A'a, ina jin wancan ne."

"Riga ɗaya, hula ɗaya, gemu ɗaya. Su da kansu yaya suke gane wanda za su harba?"

Masu kan tulu sun fara magana da shugaban ɓangare ɗaya ke nan, sai aka ɗauke wuta. Hoton ya tsuke ya zama ɗigo, ya ɓace.

Muka biyo Iya gida muna gunaguni. Ta zauna bakin murhu, ta miƙa ƙafa. Ladi ce ta fara matsa mata.

"To," in ji Iya, "ga ta nan, wadda akwati ya kasa ƙarasawa."

Ta ce baƙin sama manoma suke nema, don ƙasarsu ba ta tsiro. Rabin mutanen suke so su kwasa, su ƙone rabi. Sai suka je wa kowane ɓangare a ɓoye suka ce, mu naku ne. Amma da suka leƙo daga sama, idonsu ya kasa rarrabewa. Suka kasa kunne ga addu'o'in, duka biyun suka ji kamar kukan yaro mai neman uwarsa. Sai suka aiko cewa gobe kowa ya ware, na babbar rana gabas, na ƙarama yamma. Kowa ya yi murna, yana zaton ɗan'uwansa za a ƙona.

Akwai wata tsohuwa mai daddawa da ta aurar da 'ya a can ɓangaren. Da gari ya waye aka ware, sai ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar fili, ta yi abin da ba a yi: ta fara tatsuniya da rana tsaka. Yaran gabas suka sulale suka zo. Na yamma suka zo. Iyaye mata suka biyo don su janye 'ya'yansu, suka tsaya jin ƙarshe. Maza suka biyo matansu da faɗa, su ma suka tsuguna. Aka sake cakuɗewa. Baƙin sama na ta shawagi suna jira a gama, tsohuwa kuwa in ta kusa ƙarshe sai ta ɗaura wata, har kananzir ɗinsu ya kusa ƙarewa, suka juya gida.

Sani ya ce, "Iya, tsohuwar nan ai ke ce."

"Ni na ce maka ni ce? Mai daddawa ɗaya ce a duniya?"

Ana cikin haka muka ji ihun yara a layi, an kawo wuta. Na dubi Sani, ya dubi Ladi. Ba wanda ya tashi. Iya ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga yadda ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Daga ranar muka raba mako, wasu ranaku na akwati, wasu nata.

Da na auri Malam Isiyaku, mai gyaran rediyo da talabijin, na ba shi labarin. Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Binta, fim ɗin mai kala ne. Ƙila wasu ja suka sa, wasu kore. Akwatin ne ya shanye kalar." Na yi shekaru ina juya wannan magana. Ashe akwai bambancin, mu ne ba mu gani ba. To wa ya ga daidai, wanda ya yi fim ɗin ko Iya? Shi ma Malam bai yanke ba. Yakan ce in ya samu fim ɗin za mu kalla tare.

Ba mu samu ba. Garin kuma ya ware a idonmu. Bayan rikice-rikicen da aka yi, su Ladi suka koma ƙetaren kogin da ya raba garin, Bitrus abokin aikin Malam Isiyaku ma haka, shago ya zama na mutum ɗaya. A ciwonsa na ƙarshe, Malam ya ce in sake ba shi labarin tsohuwar. Na kai inda yara suka fara sulalewa, na ga ya yi barci. Ban ƙarasa masa ba, kuma wannan na cikin abin da ke sa ni kuka har yanzu. Ranar jana'iza Bitrus ya hayo gada da sandarsa, ya zauna cikin masu zaman makoki da farar riga irin ta kowa. Wani baƙo ya miƙa masa buta da aka kira sallah.

Yanzu Hauwa ta ajiye biro tana kallona, waya a hannu. Ina son in san abin da masu kan tulu suka yi, ba zan ɓoye ba. Na tambaye ta ko wayar na iya cire kala daga hoto. Ta ce tana iyawa.

To ki nemo, 'yar nan. Amma ki cire kalar kafin ki miƙo mini.