Muryar Yaya Ilu a Falon Alhaji Mamman

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ba, jajiberin kasuwar Maigatari, ranar da na fara fita gwajin sifika ni kaɗai. Ku da kuka shigo shagon nan daga baya kuna jin ana ambaton Yaya Ilu, amma ba ku san shi ba. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya buɗe shagon a nan Gumel, shi ya koya mini aikin. Ya rasu a farkon daminar waccan shekarar bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa.

Da aka share makoki, Kawunmu ya tara mu ya faɗi magana a fili. Ya ce mutane Ilu suke bi, ba shago ba. In manyan masu sayayya suka watse kafin kaka, za a sayar da kayan a raba gado. Ban yi musu ba, domin ni a lokacin mataimaki ne: ɗaukar kaya, jan waya, gyaran abin da ya ƙone. Yaya ne mai magana da mutane. Amma matarsa Hajara da 'ya'yansa daga shagon suke ci, ni ma haka.

Babban mai sayayyarmu shi ne Alhaji Mamman, dillalin shanu a Maigatari. Inda ya sayi kaya, nan sauran 'yan kasuwar yankin suke saye. Kafin rasuwar, ya sa Yaya ya nemo masa sifikar falo don sabon gidansa. Ba irin lasifikar masallaci ba ce, ba kuma irin ta biki ba. Dogayen nan ne masu tsada da ake tsayarwa a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, ko da yake a bakinmu ɗaya muke kiran su. Yaya ya riga ya zaɓi iri biyu a wurin wani dilan kayan sauti a Kano. Ta farko baƙa ce mai sheƙi, tsayinta ya kai kafaɗata. Ta biyu mai ruwan ƙasa ce, katako ba ado, ba ta wuce ƙirjina ba. Kuɗin baƙar ya kusa ninka na ɗayar. Dilan ya ba ni su amana saboda sunan Yaya, da sharaɗin wadda ba a saya ba ta koma babu ko ƙwarzane.

Yaya yana da yadda yake gwaji, kuma har yau haka muke yi. Mai saye yana zama ne ya ba sifika baya, don kada sheƙin katako ya rinjayi kunnensa. Ana daidaita ƙarfin sauti ya zama ɗaya, domin duk wadda ta fi ƙara ita mutum zai ɗauka ta fi kyau. A fara da kiɗa, a sa karatu, sannan a rufe da maganar mutumin da mai saye ya sani ido da ido. Yaya yakan ce kowa na iya ruɗuwa da ganga, amma ba wanda zai ruɗu da muryar da ya saba ji. Tun da duk masu sayayyarmu sun san shi, sai ya naɗi tasa muryar da makirufo mai kyau, ya ajiye a filas ɗin shago, ɗan abin nan na ajiyar sauti. Tun da ya rasu ban kunna ta ba. A daren jajiberin tafiya ma sai na sa muryar wani mai karanta labarai a rediyo a madadinta.

Da hantsi muka ɗora kayan a bayan a-kori-kura, na naɗe kwalayen da barguna, na zauna a baya ina riƙe da su har Maigatari. Duk ramin da direba ya faɗa, a cikina nake jin sa.

Na sami Alhaji a falo tare da abokin cinikinsa, Malam Mati, mutumin Damagaram da ya tsallako saboda kasuwar gobe. Bayan gaisuwa da sabunta ta'aziyya, Alhaji ya ce, "Haruna, ba zan ɓoye maka ba. Alkawarin mamaci ne ya sa na ce ka zo. Akwai mai shago a Kano da yake ta bugo mini waya."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Falon babba ne, ƙasansa tayil, irin wanda sauti yake yawo a ciki. Na roƙi a shimfiɗa darduma a tsakiya, na janye sifikokin daga jikin bango, na haɗa amfilifaya. Babu wuta, don haka na sa aka kai janareta can bayan gida, na bi ta sitabilaiza. Ina buɗe kwalin baƙar, Malam Mati ya miƙe ya shafa ta, ya kira ni da laƙabin Faransanci irin na mutanen ƙasarsu.

"Mushe injiniya, ai wannan ba sai an gwada ba. Waccan gajerar ka mayar wa masu ita."

Alhaji ya ce, "Mati, kai saniya ma da ƙaho kake sayenta, shi ya sa kullum ake cutar ka." Bai jira na roƙe shi ba, da kansa ya juya kujerarsa ya fuskanci taga. Ya san tsarin.

Na fara da kiɗan kalangu a baƙar. Gaskiya ta yi. Gilashin kabet ya ɗauki rawa, kiɗan yana dukan ƙirji. Malam Mati yana kaɗa kai, sai na ga hannunsa ya lallaɓa kan maɓallin amfilifaya yana murɗawa a hankali. Dattijo ne, baƙon mai gida ne. Duk da haka na ce, "Malam Mati, don Allah a bar maɓallin nan inda yake."

Alhaji bai waiwayo ba. "Me ya yi?"

"Ya ƙara mata ƙarfi, ranka ya daɗe."

"Ka yi sa'a, Mati. Da Ilu ne, hannun zai buge."

Malam Mati ya yi dariya ya koma ya zauna, amma na ga bai ji daɗi ba. Na mayar da maɓallin, na sauya wayoyi zuwa mai ruwan ƙasa. Kiɗan bai girgiza komai ba, sai dai kana jin inda sanda take sauka a kan fata. Alhaji ya ce ta farko ta fi armashi. Da na sa karatun Alƙur'ani a kowacce, yatsansa kawai yake motsi a kan gwiwa.

Saura murya. Na kunna mai karanta labarai. Bai yi nisa ba Alhaji ya ɗaga hannu.

"Wane ne wannan?"

"Ɗan rediyo ne, Alhaji. Muryarsa a fili take."

"Ban taɓa zama da shi ba, ban taɓa cin abinci da shi ba. Ta yaya zan san ko haka yake magana? Ina ta Ilu?"

Na kashe muryar ɗan rediyon. Malam Mati ya dube ni, ya dubi bayan Alhaji, ya ce a hankali, "Alhaji, a bar wannan mana."

"Ban ce dole ba. In ba zai iya ba, ya faɗa mini, ya kwashe kayansa babu laifi."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, amma na fahimce ta. Na tuna Hajara da ta rako ni bakin ƙofa da safe ba ta ce komai ba sai Allah ya ba da sa'a. Na ce, "Tana nan, ranka ya daɗe."

Na mayar da wayoyi kan baƙar, na danna. Abin da Yaya ya naɗa ba wani abu ba ne. Sallama ya yi, ya ce wannan gwaji ne, ya shiga lissafo abubuwan da suka zo bakinsa: tsakin gero, ƙosai da zafi, shanu a mashaya, hanyar Gagarawa da ta Sule Tankarkar. Kalmomi ne masu nuna ko sifika tana fitar da siririn sauti. A tsakiya ya yi tari, ya ce, "Haruna, kashe fankar nan, tana shiga." Sannan ya ci gaba. Ranar da aka naɗa ina wurin, kuma bai taɓa goge wannan gurbin ba.

A baƙar, muryar ta fito da kauri da girma, kamar ta wani babban mutum yana jawabi a zaure. Mai daɗin ji ce. Na tsaya na saurara har ƙarshe, kuma na yi mamakin yadda na iya. Na ce a raina ashe abin bai kai yadda nake tsoro ba.

Na tsuguna na sauya wayoyin. Na danna, na koma gefe na tsaya.

Sallamar kawai na ji, na san akwai bambanci. Yaya yana da ɗan karyayyen haƙori a gaba, wanda yake sa wasu kalmomi su fito masa da siririn fito. A baƙar ban ji shi ba. A nan ga shi. Ga numfashin da yake ja kafin ya fara magana, ga yadda muryarsa take ɗan shaƙewa in ya daɗe bai sha ruwa ba. Ba daga akwatunan take fitowa ba, daga tsakiyarsu take, daidai tsayin mutum a zaune. Ya yi tarin. Ya ce, "Haruna, kashe fankar nan, tana shiga."

Na ce, "To, Yaya."

Sai da na taka zuwa bango ina neman makunni, na ga ashe fankar falon ma ba ta aiki. Na tsaya a nan da hannu a kan bango. Yaya yana ta lissafo garuruwa a bayana.

Malam Mati ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Alhaji ya ce, "Mati, kashe masa." Malam Mati ya tashi ya kashe. Babu abin da ake ji sai janareta daga nesa. Alhaji ya ɗaga hannu ya yi wa Yaya addu'a, muka shafa. Bai juyo ba sai da ya tabbatar na goge fuskata. Wannan na lura da shi, kuma ban manta masa ba.

Da ya juyo, ya bi wayoyin da ido har zuwa mai ruwan ƙasa. Ya ce, "Kai wacce ka ce in saya?"

Kason shago a baƙar ya fi yawa, kuma muna bukatarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙar tana ƙara wa sauti abin da ba nasa ba. In kiɗa ne da taro, za ta burge. Wannan kuwa abin da aka ba ta shi take fitarwa. In don ji ne, ita ce, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Abin da ya ƙaru a kan baƙar, tsayi da sheƙi za ka biya."

Ya daɗe yana duban su. Sannan ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Bar mini baƙar."

Na ɗauka ya ƙi shawarata ke nan, ya cika alkawarin mamaci ya sallame ni. Malam Mati ma ya ce, "Haba Alhaji, bayan abin da muka ji?"

"Kai da ka fara shafa ta? Baƙina irinka ne, Mati. Da ido suke ji. In suka shigo suka ga gajera, gobe a kara za a ce Mamman ya karye." Ya juyo gare ni. "Ni na san wadda ta fi, kai ma ka sani. Abin da nake son ji ke nan daga bakinka."

Na fara naɗe wayoyi. Ina ɗaure kwalin mai ruwan ƙasa ya ce, "Gobe bayan azahar ka same ni a rumfata. Akwai mutanen Sule Tankarkar da suke son a sake musu na'urar masallaci. Na ce musu su jira in ga ƙanen Ilu tukuna." Sannan ya ƙara da cewa, "Muryar nan kuma kada ka ƙara kunna wa wani mai saye. Ta tashi daga kayan aiki. Ka kai wa 'ya'yansa. Laifina ne da na sa ka, amma da ban sa ka ba, da ban san ko kai wane iri ne ba."

Na ce, "To, Alhaji."

Washegari na je rumfar. Daga aikin masallacin nan aka kira ni Gagarawa, daga can wasu suka biyo. Da kaka ta zo, Kawu bai sake tayar da maganar sayar da shago ba. Mai ruwan ƙasa ta koma Kano lafiya. Filas ɗin yana wurin Hajara. Ta ce mini yaran sukan kunna a rediyon ɗaki. Ban taɓa tambayar ta ko ita tana saurara ba.

Abin da na ɗauka a wannan rana shi ne, gwaji ba ya tilasta wa mai saye komai. Mutum zai ji wadda ta fi, ya yarda ta fi, ya sayi ɗayar saboda dalilin da ba ya cikin kunne, kuma kuɗinsa ne. Ba aikinku ba ne ku yi fushi. Aikinku ku daidaita ƙarfin sauti, ku hana kowa taɓa maɓalli ko da dattijo ne, kuma in an tambaye ku, ku faɗi abin da kuka ji. Yawancin manyan nan, lokacin da suka ba sifika baya, ku suke saurara.

Muryar da kuke gwaji da ita yanzu tawa ce. Na naɗe ta a wannan ɗakin, ni kaɗai, bayan na rufe ƙofa. Na kula sosai ban kira sunan ko ɗayanku a ciki ba.