Ɗan Sandan Da Ya Mayar Da Yayata Gida

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Rifkatu, kuma har yau ba na wucewa ta gaban ofishin 'yan sandan da muka kai kuka ba tare da na ji ɗaci a bakina ba.

Dankalin turawa take sayarwa. Ita ta riƙe ni a Anguwan Rukuba bayan rasuwar mamarmu, ita ta koya min girkin da nake ci da shi yanzu. Mijinta yana dukanta, mun sani, mun yi shiru, Allah ya yafe mana. Amma ranar da ya shaƙe ta har ta suma, ta farfaɗo murya a dishe, idanu jajir, ni na ja hannunta zuwa ofishin.

Jami'in da muka tarar ya dubi shatin yatsu a wuyanta. Ko biro bai ɗauka ba.

"Madam, ai babu jini," in ji shi. "Tsakanin mata da miji ne. Ku je coci a sasanta ku."

Na ce, "Oga, ya ce zai kashe ta."

Ya ce, "Duk maza haka suke faɗa."

Wata bai ƙare ba mijin ya cika maganarsa, da rana tsaka, maƙwabta suna kasuwa. Ya gudu, har yau ba a kama shi ba.

A bana aka ɗauke ni raba abinci a wani taron horar da 'yan sanda a wani otal. Ina jera kuloli a bayan zaure na ji wata malamar jami'a tana bayanin abin da masu bincike suka gano, bayan sun bi tarihin matan da mazajensu suka kashe a ƙasashe da dama. Ta ce shaƙewa ba kamar sauran duka ba ne. Namijin da ya kai hannu wuyan matarsa ya nuna inda ya dosa, ko da jini ko babu. Ta ƙara da cewa wannan ba sabon ilimi ba ne, an daɗe da saninsa.

Na tsaya da ludayi a hannu. Ashe an sani tun Rifkatu tana da rai. Yana nan a rubuce, babu wanda ya ga dama ya kai shi teburin da muka tsaya.

Sai na hango jami'in nan da ya mayar da mu gida a sahun gaba. An ƙara masa girma, ya yi ƙiba, yana gyaɗa kai yana rubutu. Da aka tashi cin abinci ya miƙo min faranti.

"Oga, ka tuna Rifkatu?"

"Wace Rifkatu?"

Na tuna masa, da muryar da duk layin ya ji. Ya ce a hankali, "Lokacin ba mu da wannan ilimin."

Na ce, "Amma kana da ido." Na rufe kula. An sallame ni daga aikin a ranar, kuma ban yi nadama ba.

Da Rifkatu tana nan da ta yi min faɗa, don ba ta hana kowa abinci, ko maƙiyinta. Amma na san za ta tambaya ko abin da malamar ta faɗa zai fita daga zauren otal ya isa kan kantar ofis. Ni ma abin da nake nema ke nan. A mayar da shi doka: macen da ta ce an shaƙe ta, a rubuta, a kai ta asibiti, a kamo mijin a ranar. Jami'in da ya ƙi, a tuɓe masa kaki, a faɗi sunansa a rediyo. Takardar shaidar halartar taro ba ta tsare ran kowa.

Fasto ya sha ce min in yafe. Nakan ce masa na ji. Ban yafe wa mijin ba, ban yafe wa jami'in ba. Ina roƙa musu tsawon rai, su tsufa da abin a ransu.

Abin da Rifkatu ta bari shi ne 'yarta Nanret, wadda take hannuna, tana ajin ƙarshe a sakandare. Kwanan nan ta ce min aikin ɗan sanda take so. Na ce ta yi. Burina wata rana mutumin nan, ya tsufa, ba kaki ba muƙami, ya shigo ofis da nasa kukan ya tarar da ita a bayan kanta. Na san za ta ba shi kujera, ta saurare shi, ta rubuta komai, don 'yar Rifkatu ce. Ni ce ba zan iya ba.