Yadda Kawu Ya Yi wa Bushiyarsa Rajista

Kawuna, yayan mahaifiyata, maƙeri ne ɗan maƙera a Bodinga. Lokacin da na yi wayo ya riga ya rataye zuga-zugi ya koma walda, amma uwar maƙerar da ya gada tana nan a tsakiyar rumfarsa. Bai yi boko ba. Duk awon da zai yi da ajami yake rubuta shi a jikin bango da alli, kuma ban taɓa ganin ya yanka ƙarfe ya dawo yana cewa ya yi gajere ba.

Yana da ɗan lambun albasa ta wajen Dingyadi. Wanda ya taɓa dashen albasa ya san wahalarsa: mutum ya wuni a duƙe cikin fangali yana huda rami da yatsa ko da tsinke, ɗaya bayan ɗaya. Da shekaru suka fara ja, gadon bayan Kawu ya ƙi yarda da wannan aiki. Sai ya samo wani guntun bututun ƙarfe mai faɗi, ya jera masa haƙora a jiki, ya sa masa mariƙi mai tsawo. Idan ka tura shi cikin fangali yana mirginawa, ramuka na fitowa a jere, tazararsu ɗaya, sai dai mai dashe ya bi yana sa iri. Manoman da ke maƙwabtaka da shi suka kalli haƙoran nan suka ce ai wannan bushiya ce. Sunan ya bi ta.

Kawu bai hana kowa aro ba. Wanda ya ce a ƙera masa, ya ƙera masa. Har wani ya ɗauke shi bidiyo yana tura ta, aka yi ta yawo da shi a waya. Shi kuwa dariya kawai yake yi.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Shagari. Wata ranar kasuwa na ratsa ta layin masu walda, sai na ga bushiyoyi a jere gaban wani shago, an shafa musu koren fenti. Mai shagon, wani mutum mai fara'a da bai wuce sa'ana ba, yana ta kiran masu wucewa su zo su sayi bushiyar Bodinga. Na ɗaga ɗaya na duba. Ƙarfen ba shi da kauri, haƙoran kuma ɗigon walda ɗaya ne ya riƙe kowanne.

Ba a jima ba, ina gida hutun ƙarshen mako, wani manomi daga Horo Birni ya zo rumfar Kawu da irin wannan koriyar bushiya a bayan babur, rabin haƙoranta sun zube. Ko sallama bai gama ba ya fara faɗa, wai an ce aikin maƙerin Bodinga ne, ga shi ko kwana uku ba ta yi ba. Na buɗe baki zan ba shi amsa, Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya sa aka ba mutumin ruwa, ya karɓi abin ya sake mata haƙora gaba ɗaya, sannan ya ce masa, "Wagga ba tawa ba ta, amma tahi da ita, ta yi maka aiki." Mutumin ya ɗaure ta a babur ya tafi. Sai Kawu ya ce, "Cinikin da sunka ɗauke bai dame ni ba. Sunana da sunka liƙa ma ɓanna, shi ad da ciwo."

Na ba da labarin a ɗakin malamai. Shugaban makarantarmu ya ce ƙanwarsa lauya ce a Sakkwato, kuma ta san harkar rajistar abin da mutum ya ƙirƙira. Da ƙyar na shawo kan Kawu, don a ganinsa ba a zuwa wurin lauya sai an yi rigima. Muka tafi ranar wata Asabar da hantsi, bushiyar na cikin buhu.

Lauyar ta tarbe mu da mutunci, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta juya bushiyar ta duba, sannan ta tambaya shekara nawa ke nan tana hannun mutane. Muka ce uku.

Ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Hukuma tana kare abin da yake sabo ne, wanda bai riga ya fita cikin jama'a ba. Wannan an gan ta a gona, an gan ta a waya, an sayar da ita a kasuwa. Ta zama ta kowa. Ko na karɓi aikin, yaudararka zan yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kunyar wahalar da na sa tsohon ya sha. Shi kuwa ya gyara zama ya ce, "Gaskiya kinka hwaɗi, ɗiyata. To in akwai wadda ba a gani ba hwa?"

Na juya na kalle shi. Ashe tun bara yake fama da wata matsala. Idan ƙasa ta jiƙe sosai, laka na cika tsakanin haƙoran, sai mai turawa ya riƙa tsayawa yana ƙwaƙulewa. Sai ya ƙera wani abu kamar mataji ya ɗaura a bayan bututun, yadda duk juyin da bushiyar za ta yi, haƙoranta sai sun ratsa ta cikinsa ya kankare lakar. Ya kuma yi dabarar da za a iya matsar da haƙoran, a faɗaɗa tazara ko a rage, gwargwadon girman albasar da manomi ke so. A bayan gidansa yake gwadawa, don bai gamsu da ita ba tukuna.

Lauyar ta ajiye biro ta ce, "Wa da wa suka gan ta?"

"Ni da mai ɗakina. Sai kaji."

Ta yi dariya ta ce kaji ba sa ba da shaida. Daga nan ta ja mana kunne: kada wanda ya sake ganinta, kada a ɗauki hoto, kada a yi zancenta a majalisa, har sai takardu sun shiga ofishin rajista a Abuja. Ni kuma ta ɗora mini aikin zana kowane sashe a takarda, da lamba da awo.

A nan ne Kawu ya kawo abin da ban yi tsammani ba. Ya ce shi fa yana tsoron ɓoye sani. Mahaifinsa bai taɓa hana kowa kallon ƙira ba, kuma bai son ya tsufa da hakkin manoma a wuyansa. Lauyar ta ce masa ɓoyewar ta ɗan lokaci ce. Sharaɗin rajistar ma shi ne ka bayyana yadda abin yake dalla-dalla a rubuce, yadda duk mai sana'ar da ya karanta zai iya ƙerawa. Abin da hukuma za ta ba ka shi ne, na shekara ashirin ba mai ƙerawa ya sayar sai da izininka, bayan nan ya zama na kowa. Kawu ya ja gemu, sannan ya ce, "Ashe rubuta shi za a yi, ko na mutu yana nan. To wanga ya hi abin da nike yi."

Hutun makaranta gaba ɗaya a ɗakin Kawu na yi shi, ƙofa a rufe, ina zane. Ni da nake ganin na iya lissafi, sau huɗu yana mayar mini da takarda. Bai iya karanta Turancin da na rubuta ba, amma da ya kalli zanen sai ya ɗora yatsa ya ce nan ka karkatar da matajin da yawa, in aka bi naka zai ci haƙora. In na auna sai in tarar haka ne. Bayanin ma ya ba mu wuya. Lauyar ta ce kada mu rubuta cewa matajin na ƙarfe ne kawai, don gobe wani zai yi na roba ya ce nasa daban ne. Sai mun kwatanta aikin da yake yi da yadda yake zaune a jikin bututun. Kawu ya faɗa da Hausa, ni in juya zuwa Turanci, ita ta gyara ta waya.

Kafin mu gama, lokacin dashe ya zo. Ba zan manta da ganinsa a lambu ba, yana tura tsohuwar bushiya, laka na cika ta, yana tsayawa yana ƙwaƙulewa da tsinke, alhali wadda ta fi ta tana gida an lulluɓe da tabarma. Wani maƙwabcinsa ma ya ce masa, "Kai da ka iya dabara, ba ka yi ma lakar ga magani?" Kawu ya ce, "Allah shi kawo lokaci." Ni da ke gefe sai da na ciji leɓe don kada bakina ya suɓuce.

Daga baya lauyar ta kira ta ce takardu sun shiga, an ba da shaidar ranar karɓa, yanzu yana iya fito da abinsa. Ta kuma sa an nemi rajistar tambarinsa, hoton awartaki, wanda zai riƙa bugawa a jikin mariƙi. Takardar ainihi kuwa sai da muka yi watanni muna jira, har na fara cire rai, sannan ta iso.

Ni a raina na gama shirya yadda za mu yi da mai waldan Shagari: mu jira ya kwaikwayi matajin, lauya ta aika masa da wasiƙa. Kawu ya ce ba haka za a yi ba. Ranar kasuwa ya sa na kai shi shagon. Mutumin na ganinsa ya gane shi, fara'arsa ta ɗauke, ya jawo benci yana ta sannu da zuwa Baba. Kawu ya kwance buhu ya ajiye sabuwar bushiyar a gabansa. Mutumin ya tsuguna ya juya bututun da hannu, ya ga yadda haƙoran ke ratsa matajin, ya sake juyawa, ya ɗago ya ce, "Baba, wallahi na yi ta tunanin lakar ga, ban gano ba."

Kawu ya ce, "Hannunka na da kyau, gaugawa ta ka ɓata maka aiki. Wagga tana da takardar hukuma, in ka yi ta ba izini akwai magana. Amma ni ban iya ƙera ma Bodinga da Shagari duka ni ɗai. Ka zaka in koya maka. Ka yi ta da ƙarhen da nac ce, ka buga tambarina, kowace ka saida ka ba ni rabona. Wadda ban yarda da ita ba, ba ta hita shagon ga."

Mutumin ya ce a ba shi kwana biyu. Washegari da safe sai ga shi a Bodinga. Ya yi sati uku yana zuwa, Kawu yana sa shi ya sake walda ɗaya sau biyar, bai taɓa ɓata rai ba. Lauyar ta rubuta yarjejeniya, aka karanta ta da Hausa gaban shaidu, kowa ya sa hannu. Bayan shi wani maƙeri a Sifawa ma ya shiga. Akwai wanda ya ƙi, ya kwaikwaya a ɓoye, shi ne kaɗai aka aika wa wasiƙa, kuma ya bari. Na san akwai masu yi a garuruwa masu nisa da ba mu da labarinsu. Kawu ya ce ba zai ƙarar da sauran kwanansa yana bin su ba.

Bai zama attajiri ba. Ya dai sayi sabon injin walda, ya yi wa rumfarsa rufin kwano, kuma kowace shekara shi yake tuna mini lokacin sabunta rajista ya yi. Duk wata yakan hau mota zuwa Shagari ya duba aiki. Na taɓa ganin ya ɗaga bushiya ya ƙwanƙwasa ta da guduma, ya saurari ƙarar, ya ture ta gefe, mai shagon kuma ya ɗauke ta ya koma da ita ciki ba gardama.

Bara, ana cikin hutun ƙarfe tara, aka ce ina da baƙo a bakin ƙofar makaranta. Na fita na tarar da mai waldan nan riƙe da wani abu a naɗe cikin buhun taki. Na miƙa hannu zan buɗe, ya janye, ya ce mu sami wurin da ba mutane. Muka shiga wani aji da ba kowa, ya tura ƙofa. Wata 'yar na'ura ce ta yanke ganyen albasa bayan an cire, wadda ya yi wata takwas yana gyarawa. Ya ce Baba ya gani ya ce ta yi, shi ya turo shi wurina in zana masa. Na ce sai dai ya jira a tashi, ina da darasi da 'yan aji uku. Ya mayar da ita cikin buhu, ya je gindin dalbejiya ya zauna, ya ɗora buhun a cinyarsa har aka kaɗa ƙararrawa.