Littafi Mai Kauri da Keken Baba

Shekarar da na gama sakandare keken Baba ya tsaya. Ba taya ba ce, ba birki ba ne. Waɗannan da kansa yake gyarawa tun kafin a haife ni. Sai a taka feda ta yi ta juyawa, kaca na tafiya, ƙafar baya ko motsi. Ciwon yana cikin ɗan dunƙulen haƙoran nan da kaca ke kamawa, inda Baba bai taɓa buɗewa ba, ga yanar ido ta fara rufe masa gani.

Gona ɗaya gare mu mai ba da geron kirki, kuma tana da nisa da ƙauyenmu na ƙasar Sandamu. Gwiwar Baba ba ta kai shi can a ƙasa. Baffa, ƙaninsa, ya riga ya faɗa a gaban jama'a cewa in ruwan shuka ya sauka Baba bai je ba, shi zai shuka, kada a bar ƙasa a banza. Kowa ya san gonar da Baffa ya shuka sau ɗaya ba ta dawowa.

Mai gyaran keken garinmu ya koma babur. Kallo ɗaya ya yi wa namu ya ce a kai wa 'yan gwangwan. Haushi ya kama ni, na ce ni zan gyara, ai akwai littattafan da ke koya wannan.

Ranar kasuwa na shiga Daura, na sami wani tsoho mai baza tsofaffin littattafai a kan tabarma. Ya tono mini guda biyu. Ɗaya mai kauri, bango mai tauri, hotuna masu launi. Ɗayan siriri, ya yi ja don tsufa, zane ne kawai a ciki, ga shatin yatsu na baƙin mai a kowane shafi. Na buɗe shi na ga an zana hannu yana kwance ƙafar keke, an tara kwano a ƙasa. Na yi tsaki.

Tsohon ya ce, "'Yan mata, wane irin keke ne?"

"Keke ai keke ne, Malam."

"Mai birkin ƙarfe, irin na dattawa? To wannan siririn ne naku. Ba ki ga masu aiki sun sha taɓa shi ba?"

"Shi ya sa ba na so. Wannan sai naɗe ƙosai."

"To, 'yar boko. Allah ya ba da sa'a."

Na ɗauki mai kaurin. A makaranta littafi mai kauri shi ne littafi, ban san wani ma'auni ba.

Da na miƙa wa Baba, sai da ya tashi ya wanke hannu kafin ya karɓa. A gidanmu ko guntuwar takarda mai rubutu aka gani a ƙasa, ɗagawa ake yi a soka a katanga. Ya shafa bangon, ya sa shi cikin tsohuwar gafaka, ya rataye a ɗakinsa.

Na ce, "Baba, na aiki ne fa. Kusa da keken ake ajiye shi."

Ya ce, "Uwata, ilimi ne. Ba za a yar da shi a turɓaya ba, ba za a taɓa shi da hannun giris ba."

Haka muka yi aikin. Keke a kife a tsakar gida, littafi a ɗaki. In wanke hannu da sabulu, in shiga, in karanta, in fito, in manta rabi, in sake wankewa. Kekunan ciki ma ba irin namu ba ne, duk sirara masu giyar sauya gudu, birkinsu na waya. Wurin da ya ɗan yi kama da namu ya ce a nemi wani ƙarfe na musamman. Ba mu da shi. Na ɗauko ƙusa da guduma. Akwai sauran bayani a shafi na gaba, amma na gaji da wanke hannu, hadari kuma yana ta haɗuwa a gabas kwana biyu.

Na buga, murfin dunƙulen ya juya, na ɗaga. Sai ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ba su fi ƙwayar gero ba, suka zube cikin yashi. Da su da wata 'yar waya mai kamar gashi. A lokacin na tuna kwanon da na yi wa tsaki.

Baba ya ce, "Mene ne ya zuba?"

Na ce, "Ba komai."

Sai ga Inna ta fito. Ta ɗauko rariyarta ta durƙusa, muka yi ta tankaɗe yashi har la'asar, kaji na tsattsagar abin da muka bari. Mun sami wasu. Wayar ba mu gan ta ba. Da na wanke hannu na buɗe shafin na gaba, gargaɗin cewa ƙwallayen za su zube yana nan a layin farko.

Washegari ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ake jira. Baba ya ɗauki sanda da ƙoƙon iri ya kama hanya a ƙasa. Ko rabi bai kai ba, wani mai amalanke ya dawo da shi, gwiwa ta kumbura kamar tulu. Kafin azahar Baffa da iyalinsa sun gama shuka.

Baba bai taɓa yi mini maganar ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Littafin yana nan cikin gafaka, in baƙo ya zo yakan sa a sauko da shi, ya ce na uwata ne. Da kaka Baffa ya aiko mana da ɗan abin da ya ga dama daga gonar, Baba ya aike ni in je in yi godiya. Na je.