Ranar da Aka Raba Baba da Kanwa

Shekara da shekaru Baba yana fama da ƙwannafi, maganinsa jiƙon kanwa. Duk Daudawa ba mai iya hana shi. Na gwada sau ɗaya, na sha zagi.

Sai ɗiyata ta zo hutu daga jami'a, inda take binciken ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanyar abinci, tsakanin maƙogwaro da ciki. Da ta ga tuwo na tsaya masa, ta zare kofin daga hannunsa.

"Alhaji, kanwa lallashi kawai take yi. Gobe sai asibiti."

Na jira tsawa. Baba ya dube ni ya ce, "Kai, nemo mota. Likita ta yi magana."

Ni fa na haife ta.