Koren da Ya Kori Awakin Baba

Liman na sallame sallar asuba muka bar makwancin ɗalibai a Khartum, mu uku, don ziyartar wani dattijo Bahaushe, ɗan'uwan kakan abokin tafiyarmu, wanda ke noma a kudancin Omdurman. Motarmu ta ratsa Alshajara, unguwar da sunanta ke nufin bishiya, amma abin da ya fi yi mana inuwa a can hayaƙin masu walda ne. A kan gada soja ya juya takardunmu sama da ƙasa, ya miƙo mana da fuskar wanda ya karanta ya fahimta.

A Kasuwar Libiya ta Omdurman muka karya da ful, wake mai man riɗi, muka hau akori-kura. Kuɗin mota ya tashi tun zuwanmu na baya, kwandastan kuma ya ce mu tambayi hukuma. Ba wanda ya ɗauki shawarar.

Da muka kusa gonar sai na ga kore shar, har na fara yabon gwamnati a zuci, domin a rediyo kullum ana ce mana an ci galabar hamada. Da muka sauka na janye yabon. Koren nan duk wata ƙaya ce mai suna miskit, baƙuwar bishiya, ta cinye rabin gonar, ta shanye rijiya, ba dawa ba kuɓewa a ƙarƙashinta.

Mun tarar da dattijon, wanda muke kira Baba, cikin rami yana tonon saiwa, hannuwansa duk tsaga. Ya fito, muka durƙusa muka gaisa.

"Baba, wa ya shuka maka wannan bala'in?" in ji ni.

"Ni, ya waladi, ɗana, da hannuna. Jami'in hukuma ya zo da dashe, ya ce duk manomin da bai kewaye gonarsa da ita ba za a karɓe gonar. Na kewaye. Yanzu shi ɗin dai ya dawo, da motarsa ta da, ya ce ita annoba ce, duk gonar da aka gan ta ciki za a karɓe."

"Bai ji kunya ba?"

"Har shayi ya sha."

Ita miskit ba a sare ta a huta. Sai an tono kututturen, in ba haka ba ta tofo ninki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne awaki. Suna son 'ya'yanta, su ci, su zagaya gona suna kashi, kowane kashi dashe ne da takinsa. Baba na tono a gabas, awakinsa na shuka a yamma. Da nononsu gidan ke karyawa, ga ranar zuwan masu duba gona ta matso. Waɗanda suka zaɓo bishiyar nan daga ofis ba su tambayi kowa ko a ƙasar akwai akuya ba.

Mun taya shi tono har azahar. Mu uku, masu karatun jami'a, kututture ɗaya muka cire, ƙaya ta huda takalmina. Matarsa ta kawo mana tuwon dawar da suka sayo a kasuwa, su da ke da gona.

Da za mu tafi, Baba ya tsayar da motar da za mu hau, ya ɗaure awakin ya ɗora su a bayanta.

"Ku rage mini hanya zuwa kasuwa. Ko su, ko gonar."

Matarsa ta juya ta shige ɗaki ba ta yi mana sallama ba.

Haka muka dawo Omdurman, akuya na taunar gefen rigata, muna sauke Baba a kasuwa dillalai suka kewaye shi. Mun iso makwanci bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, in hukuma ta ce ƙasa ta yi kore, a tambaye ta koren mene ne, kuma wa ya ci. A lissafinsu gonar Baba ta farfaɗo. Gobe gidansa za a sha shayi ba madara.